Jan Littafin da Ke Ƙasan Adakata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ummina, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, duk da bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma ina jin motsinki kina ta buɗe akwati kina rufewa. Allah Ya tsare min ke a tafiyar nan, Ya kai ki ƙasar Sin lafiya, Ya sa albarka a karatun da za ki je nema.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga wadda kuke kwana gida ɗaya. Kin san halina, magana ba ta fito min ido da ido. Sau uku a makon nan ina zuwa bakin ƙofarki da niyyar in faɗa miki abin da ke cikin takardar nan, sai in ji bakina yana tambayarki ko kin sa kuka da daddawa a kaya. Rubutun bokon ma da girmana na koye shi a islamiyyar matan aure, sai ki yi haƙuri da karkacewarsa. Kwana huɗu ya rage ki tashi. Da gangan na ba ki ita yau ban bari sai kin shiga jirgi ba, domin akwai inda nake so ƙafarki ta taka kafin ki bar Kano.

A ƙarƙashin takardar za ki ga abu a naɗe cikin tsohon ɗankwalina. Ki kwance shi. Eh, shi ne. Jan littafin nan mai hoton yarinya riƙe da fitilar takarda, wanda kika yi kukan ɓatansa har kika ƙi cin tuwo. Bai ɓata ba, Ummi, kuma ba wanda ya sace shi. Ni na ɗauke. Shekara goma sha huɗu ke nan yana kwance a ƙasan adakata, tsakanin turamen aurena.

Bari in faro daga farko, don wasu abubuwan kina ƙarama ba za ki riƙe su ba.

Lokacin kina shekara takwas, ran Asabar Babanku yakan tafi da ke shagonsa a kasuwar Kwari. Shagon da ke fuskantar nasa na wata 'yar ƙasar Sin ne, ita da mijinta, suna sayar da yadi a sari. Duk layin Madam ake ce mata. Babanku ya ce in kin zauna a kan dila kina kaɗa ƙafa, matar nan sai ta saki awo ta tsaya tana kallonki. Ashe tana da 'ya sa'arki, ta baro ta can gida wajen kakarta. Ita ta koya miki ƙirga ɗaya zuwa goma da yarensu, kika dawo kina rera mana a tsakar gida, muna dariya muna cewa an mayar mana da Ummi 'yar Caina.

Wata Laraba da la'asar, lokacin sanyi, sai ga sallama a ƙofar gidanmu na Kwaciri. Madam ce da kanta, ta yafa ɗan mayafi a karkace don girmama gidan, hannunta ɗaya ledar lemo, ɗayan kuma littafin nan. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo ruwa. Hausarta ta kasuwa ce, guntu-guntu, amma ana ganewa. Ta miƙa miki littafin da hannu biyu, sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Hajiya, Lahadi sallarmu. Sabon shekara. Ki zo gidana, ke, Alhaji, yarinya. A ci abinci."

Da ta ga na sunkuyar da kai, sai ta yi sauri ta ƙara da cewa, "Nama na Fagge, malam ya yanka. Tukunya sabo. Babu giya, babu komai."

Na ce, "In sha Allahu."

Ummi, Allah Ya sani a ranar ba ni da niyyar zuwa ko kaɗan. Na sha jin matan unguwa suna cewa mutanen nan ba abin da ba sa ci, kuma na ji tsoron in je in tarar da gunki a falo. Maimakon in tambaye ta, ko in ce mata kai tsaye ba zan samu zuwa ba, sai na ɗauko sunan Allah na rufe mata ƙofa da shi. Ita kuwa a kasuwa ta koyi kalmar, a bakin irin su Babanku da in sun faɗe ta suke cikawa. Ta tafi tana murna.

Ran Lahadi na ce kaina yana ciwo. Kin sa atamfarki ta Sallah tun azahar kina jira, na sa kika tuɓe. Babanku ya ce, "Maman Ummi, matar nan fa ta yi ɗawainiya." Na ce ya je ya ba ta haƙuri. Ya tafi shi kaɗai bayan Magariba. Da ya dawo bai yi faɗa ba, kin san shi. Ya zauna yana cire takalmi, ya ce, "Kwano biyar ta jera. Tukwanen ko takardar jikinsu ba a ɓamɓare ba. Har cokula ta saya mana, don ta san ba mu iya cin abinci da tsinkayen nan nasu ba." Na ce to Allah Ya ba ta haƙuri. Ya ce, "Ta tambaye ni kan naki ko da sauƙi." Wannan ne ya fi yi min zafi.

To ga nasihata ta farko. In za ki ce a'a, ki ce a'a da bakinki, cikin ladabi. Kada ki sa "in sha Allahu" a wurin da zuciyarki ta riga ta ce ba za ta yi ba. Can za a gayyace ki gidaje. Ki tambaya: wane nama ne, wa ya yanka, da me aka dafa? Tambaya ba rashin kunya ba ce. In abin bai halatta ba, ki ci shinkafarki da ganye, ki sha shayi, ki zauna da su. Wanda ya gayyace ki ba cikinki yake nema ba, zamanki yake nema. Ni ban gane haka ba sai da na tsufa.

Abin da ya biyo baya kin san rabinsa. Tun ranar Larabar nan ke da Rifkatu ba ku da aiki sai littafin. Rifkatu 'yar Malama Saratu, maƙwabtanmu mutanen Zariya, wadda kuke tafiya makaranta tare, kuke cin ɗanwake a kwano ɗaya. Kuna kwanciya rub da ciki a tabarma, ita ta karanta Turancin da ke ƙasa, ke kuma ki bi zanen rubutun mutanen Sin da yatsa. Har yanzu ina ganin ƙafafunku huɗu a sama suna lilo. Kuka yanka takardar siminti kuka shafa mata jan alli, wai fitila kuka yi, kuka rataye a igiyar shanya.

Ran Litinin da safe na nemi tsintsiya sama da ƙasa ban gani ba. Can na hango ta a bayan randa. Na ce, "Wa ya kai tsintsiya nan?"

Kika ce, "Ni ce, Inna. Yau ba a shara."

"In ji wa?"

"In ji littafi. Jiya aka gama sharar tsohuwar shekara. In kika yi shara yau, arzikin gidan za ki share waje."

Na ce a raina, kwana biyar kacal, har an fara cusa wa 'yata camfi. Da kika tafi makaranta na ɗauko shi ina buɗewa. Ba na jin Turanci, hotuna kawai na bi. Ga mata suna goge gida, ga yara da sababbin kaya, ga wata doguwar dabba mai kan zaki da mutane a cikinta suna rawa, ga tsohuwa tana miƙa wa jikoki jar ambulan. Sai na zo shafin da suka durƙusa a gaban hoton wani tsoho, turare yana hayaƙi. A nan na rufe.

Zan gaya miki gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ji tsoro, eh, amma a ƙarƙashin tsoron har da wani daɗi-daɗi. Tun daren jiyan maganar kwanuka biyar take cina, sai ga shi na samu shafin da zai ce min na yi daidai da ban je ba. Hujja nake nema, na kuwa same ta.

Na yi niyyar in jefa shi a murhu, hannuna ya ƙi. A makarantar allo a Fagge, Malam ya horar da mu cewa duk takarda mai rubutu in mun gan ta a ƙasa mu ɗauke, don ba mu san ko da sunan Allah a jiki ba. Na dubi zane-zanen rubutun nan, na ce wa ya sani? Ba zan iya ƙona abin da ban iya karantawa ba. Amma dubi wautar uwarki, na iya yanke masa hukunci ban karanta ba. Na ajiye shi a kan tabarma a tsakar gida ina shawara har la'asar, sai na ji muryoyinku a zaure. Na yi wuf na tura shi cikin hijabina, na wuce ɗaki na danna shi a adaka.

Har gobe ina nan a kan bakana game da shafin nan: mu ba ma durƙusa wa kowa da niyyar bauta sai Allah, kuma shara ba ta korar arziki. In kin je can aka zo wannan wurin, ki ja gefe cikin mutunci. Amma abin da ya kamace ni ranar shi ne in zaunar da ke a cinyata, mu buɗe shafin tare, in ce miki wannan nasu ne, mu ga yadda muke yi wa mamatanmu addu'a. Magana ce ta minti biyar. Na ƙi yin ta, na zaɓi ɗauke abu a ɓoye. In Allah Ya ba ki naki 'ya'yan, kada ki ɓoye musu littafi. Ki karanta tare da su.

Yanzu na zo wurin da alƙalamin yake min nauyi.

Kin shigo kin duba ƙasan filo ba ki gan shi ba. Kika birkice ɗaki, kika zazzage jakar makaranta. Sai kika juya kan Rifkatu, domin da safe ta ce ki ara mata ta kai wa mamanta ta gani. Kika ce, "Ke kika ɗauka! Ɓarauniya!" Ina zaune a bakin murhu ina tsintar shinkafa. Yarinyar nan ta tako har gabana, hawaye yana bin kumatunta, ta ce, "Inna, ki gaya mata ban ɗauka ba."

Ban ɗago kai ba. Na ce, "Ku yi haƙuri, ku daina faɗa."

Ban yi ƙarya ba, ko? Shekaru da yawa haka nake rarrashin kaina, cewa ban furta ƙarya ko guda ba. Ni da nake mayar wa mai kayan miya tattasai ɗaya in ya yi min ƙari bisa kuskure, na bar sunan sata a kan 'yar mutane ina tsintar shinkafa. Daga ranar ba ta ƙara shigowa gidanmu ba. Da shekara ta zagayo suka tashi suka koma Sabon Gari, ana loda kayansu a mota kika shige ɗaki kika ƙi fitowa sallama. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, gobe zan faɗa, har abin ya yi girman da bakina ba zai iya ɗauka ba.

Ummi, shirun da ke barin laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba, shi ma shaidar zur ce. Mutane suna yabona da sanyin magana, kuma na ga kin gado ni. Ki yi hattara da shi. Akwai ranar da sanyin magana tsoro ne kawai ya sa hijabi.

Kin tuna yadda kika matsa wa Babanku har ya zaga da ke shagunan littattafai na Sabon Gari? Wani mai shago ya yi ta kawo muku waɗansu, ɗaya mai labarin dabbobi goma sha biyu da suke ƙirga shekara da su, ɗaya mai yara suna murza kwaɓin fulawa suna cusa nama a ciki. Aka saya miki biyu, kika karanta su har suka yage, amma kika ce ba kamar naki ba. Madam kuwa kafin shekara biyu suka rufe shago suka koma gida. Na ɗauke littafi don kada ƙasar nan ta ja min ke, sai ga shi ɓatansa ne ya sa kika ƙwallafa rai a kanta, har kika koyi yarensu, har ga ki da takardar tafiya. Allah mai iko.

Ranar Talatar da ta wuce, da na ce muku za ni asibiti duba wata, wannan karon ƙarya na yi muraran, Allah Ya yafe min. Littafin na sa a jaka, na hau adaidaita sahu zuwa Bata da ke bakin Sabon Gari, daga nan na taka da ƙafa ina tambaya har na samu gidan Malama Saratu. Ta yi furfura. Tana ganina ta tafa hannu ta ce, "Lale da mutanen Kwaciri! Yau wace rana, Maman Ummi? Ko ɓatan hanya kika yi?" Muna cikin gaisawa Rifkatu ta dawo daga aiki, ashe malamar firamare ce yanzu, doguwa kamar ubanta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni.

Na kwance ɗankwalin na ajiye littafin a gabanta. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Na ce, "Rifkatu, ni ce. Ki yafe min."

Ta dubi littafin. Sannan ta ce, "Inna, ai na sani."

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Ranar da muka shigo zaure na ga jan gefensa yana leƙowa ta ƙasan hijabinki. Shi ya sa na zo wurinki na ce ki gaya mata."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta dubi mahaifiyarta. Malama Saratu ta ce, "Ta zo ta gaya min tana kuka. Ni na ce ta yi shiru. Ba a tona babba a gaban 'yarta. Na ce in lokaci ya yi za ki zo da kanki." Ta yi 'yar dariya ta ƙara da cewa, "Sai dai ban zaci lokacin zai kai har ta fara karɓar albashi ba."

Na yi kuka, Ummi, a falon mutane. Yarinya 'yar shekara takwas ta rufa min asiri, ta ɗauki sunan ɓarauniya don kada ki raina uwarki.

Da na natsu na roƙe ta ta karanta min shi, tunda ban taɓa jin abin da ke ciki ba. Ta zauna kusa da ni tana karantawa tana mayar min da Hausa, da irin muryar da take yi wa 'yan ajinta. Ashe labarin wata yarinya ce da kakarta suna shirin sallarsu. Su share gida, su ɗinka sababbin kaya, su kai wa maƙwabta abinci, yara su zaga gaida manya a ba su goron sallah a jar ambulan. Na ce, "Wannan ai mu ne." Sai muka zo wurin cin abinci. Yarinyar ta ga kakarta ta ajiye kwano a gaban kujerar da ba kowa a kai, ta tambaye ta na wa ne. Kakar ta ce na mamanki ne da ke can wata ƙasa mai nisa tana neman abinci. A daren nan kowa yana dawowa gida, wanda bai samu dawowa ba kuwa ana ajiye masa kwanonsa.

Na ce Rifkatu ta dakata. Sai a lokacin na gane abin da Madam ta kawo min gida da ledar lemo. A can ana ajiye mata kwano ba ta nan. Ita kuma a nan ta jera namu, don ta ga yarinya sa'ar 'yarta a teburinta ko da sau ɗaya. Na bar mata kujeru a wofi a ranar da ta fi kowace rana jin kewar gida.

Sallah mai zuwa ke ce Madam, Ummi. Za ki tashi a garin da ba kabbarar Idi, kowa yana tafiya aiki. Ki dafa abin da kika samu, ki ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarki, ki ce yau sallarmu. In ta ƙi zuwa kada ki riƙe ta a rai, wataƙila irin uwarki ce. In tasu ta zo suka kira ki, ki je, ki cike min gurbin kujerar nan.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, kafin Juma'a ki je Sabon Gari. Ba ki da laifi irin nawa, amma kalmar daga bakinki ta fita, ke ya kamata ki janye ta. Rifkatu ta ce in gaya miki tana tashi daga makaranta ƙarfe biyu, kuma ki taho da ɗanwake, ba ta karɓar haƙurin baki.

Na biyu, a bayan bangon littafin akwai rubutun hannu da biro, layi uku da yarensu. Rifkatu ba ta iya ba. Ina zaton har da sunan Madam a ciki, domin kunyar da ta fi kowace ita ce ban taɓa tambayar sunanta ba. Ki zo ki karanta min. Ina so in riƙa yi mata fatan alheri da sunanta.

Ke ma ki yafe min. Ba sai kin faɗa ba in ya yi miki nauyi, ki shigo kawai ki zauna a bakin gadona yadda kika saba.

Wani abu na tuna da nake rubutun nan. Innata, wadda kika ci sunanta, in Babana ya tafi fatauci Maiduguri ba ta bari a share turakarsa sai an aiko ya sauka lafiya. Da na yi karatu na ce mata camfi ne, ta ce ita dai ba ta son ganin sawunsa ya goge. Ashe mu ma muna da tamu tsintsiyar a bayan randa, na manta. Ranar da za ki tafi, ba zan share ɗakinki ba sai kin bugo waya. Na san shara ba ta kawo komai ba ta hana komai, tsarewa ta Allah ce. Sawun ƙafarki nake so in ɗan ƙara gani.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da agogonsu ya saɓa da namu. Na damƙa ki amana a hannun Wanda amana ba ta tozarta a wurinSa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki irin waɗanda Ya haɗa ni da su ban gane ba, Ya dawo min da ke lafiya. Kwanonki yana nan a ajiye.

Wassalamu alaikum.

Innarki.